Ajiyar Baba Haruna a Tsibirin Kunkuru

Jiya bayan la'asar na ji jikana Hisham a bakin ƙofar nan yana ba abokansa labarin sana'ata da Larabci, yana zaton kunnena ya mutu. Wai kakansa aikinsa ya kwashi mutane ya kai su tsibiri, su ci kifi, su sha iska, a sallame shi. Wai hutu ne aka raɗa wa suna aiki. Kuka yi ta dariya, ina jin ku. To ku matso, ku da ko buta ba ku iya cikawa sai an kunna muku famfo. Da Hausa zan faɗa, wanda bai gane ba ya je ya tambayi uwarsa.

A nan unguwar Jarwal, cikin Makka, aka haife ni. Mahaifina mutumin Katsina ne, da ƙafa ya zo. Iliyasu ya sa mini, ake ce mini Ilu. Ina da shekara goma sha shida ya kama hannuna ya damƙa ni ga maƙwabcinmu Baba Haruna, wanda duk unguwa ke kira Mai Jazira, wato mai tsibiri. Gajeren mutum ne, yana ɗingishi da ƙafar hagu, kullum da rawaninsa irin na mutanen Makka mai ruwan ɗorawa. Ba ya faɗa, ba ya yabo. In ka yi daidai ya yi shiru, in ka yi kuskure ya ce "Tayyib," shi ke nan ka san ka shiga uku.

A lokacin, in an gama aikin hajji, alhazai sukan gangara Jidda su jira jirgin da zai tsallaka teku da su zuwa tashar Sawakin. Wani ya yi sati uku, wani wata biyu, yana zaune cikin zafi yana korar ƙuda. Baba ya lura a cikin mutanenmu akwai masu hali, fatake da dillalan shanu, waɗanda zaman nan ke ci. Sai ya haɗa kai da wani nakuda, wato shugaban jirgin ruwa, mai suna Salim, wanda ke da jirgin sambuk na katako mai tafiya da iska. Akwai wani ɗan tsibiri kudu da Jidda. In ka tashi bayan asuba, iska ta yi kyau, da hantsi kana can. Masunta suna da sunan da suke kiransa, mu dai Tsibirin Kunkuru muke ce masa. Farin yashi ne da 'yan ciyayi da dutse guda ɗaya, ba rijiya, ba inuwa, ba kowa.

Aikin farko shi ne ka shawo kan Bahaushe ya sake hawa ruwa da son ransa. Mutum ya ga teku sau ɗaya, shi ma a kwance yana amai, ka zo ka ce masa ya zo a je kallo? Sai ya dube ka kamar ka zagi mahaifinsa. Baba ba ya gardama da kowa. Wuri guda ɗaya yake fitarwa daga aljihu ya ajiye a tafin hannun dattijo, ya ce, "Alhaji, kuɗin da iyayenku suka yi ciniki da shi, ka taɓa ganinsa yana tafiya da kansa?" Ban taɓa ganin tsohon da ya jure wannan tambaya ba.

Madubin ruwa shi ne kayan aikin da na fara koyon haɗawa. Garwar kananzir ake yanke wa gindi, a sa gilashi, a liƙe gefen da kwalta. In ka bar ƙofa ko kamar ta allura, ruwa ya shiga, aiki ya ɓaci. Sai ka ɗauki mutum biyu a huri, ɗan ƙaramin kwalekwale, ka kai su kan duwatsun murjani, ka danna garwar cikin ruwa ka ce su leƙa. Na ga dillalin shanu mai gemu har ƙirji ya leƙa, ya ɗago, ya sake leƙawa, ya kama salati yana hawaye. Kifi kore, kifi shuɗi, kifi mai zane kamar saƙi, duk suna kiwo a ƙasa. Kai kuma da ke riƙe da hurin ba kallo kake ba. Idonka na kan gwiwar baƙon, domin da ya ji daɗi zai miƙe tsaye, in ya miƙe kuwa ku duka kun kife.

Sannan akwai takalma. Buhu guda muke tafiya da shi, na fatar raƙumi, ba wanda ke taka ruwa da ƙafa tsirara saboda bushiyar ruwa da kaifin murjani. Akwai rumfa, wadda za ka kafa kafin baƙo na ƙarshe ya sauka, ƙofarta ta juya wa rana baya. Ka san inda tsuntsaye ke ƙwai, ka bi da mutane ta nesa. Ka san sawun kunkuru, ka nuna, ka hana a tona. Ka san lokacin da Abu Salama, manyan kifayen nan masu tsalle, ke wucewa ta bayan dutse, ka sa an zuba shayi daidai nan. Ka gasa kifi, ka dafa shinkafa da romonsa, kana yi kana ƙirga kawuna. Duk wannan hutu ne a wurin Hisham.

Amma uwar sana'ar ruwan sha ce, kuma a nan Baba yake da dokoki biyu. Ta farko igiyar butoci. Mutanenmu ba sa rabuwa da buta, kuma yawancinsu sun ƙudurce cewa ruwan da ke da gishiri ba ya alwala, wai ɗanɗanonsa ya canja. Malaman Harami sun sha faɗa cewa ruwan teku mai tsarki ne, amma abin da mutum ya taso da shi ba ya fita a rana ɗaya. Saboda haka tun a bakin jirgi Baba ke karɓe butar kowa, ya zura igiya ta hannuwansu ya rataye. In azahar ta yi, shi zai cika su da ruwan teku, ya fara alwala a gaban kowa, sannan ya raba. Salka uku muke tafiya da su, na ruwan daɗi, ba mai taɓa bakinsu sai shi.

Doka ta biyu ita ce ajiya. Yana da manyan kwalabe biyu masu rigar kaba, kowace tana cin garwa guda, ya binne su a yashi kusa da wani ɗan kurmi. Duk zuwa sai mun je da garwa biyu daban, mu tona, mu juye tsohon ruwa, mu zuba sabo, mu toshe da kakin zuma, mu mayar. Ni ke ɗaukar garwannin, ni ke tonon, rana na dukan ƙeyata. Shekara shida ina wannan, ko sau ɗaya ba a sha ruwan nan ba. Wallahi na tsani kwalaben nan kamar me.

Sai babban yaƙin Turawa ya zo. Jirage suka ɗauke ƙafa, alhazai suka yi ƙaranci, wanda ya samu ya iso ma ba ta kallon kifi yake ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ni dai na koma ga-ruwa a Makka, garwa biyu a sanda, daga Jarwal zuwa Tandabawi, kafaɗata har ta yi kanta. A shekarar farko Baba ya same ni a bakin mashaya, inda muke ɗibar ruwa, ya ce, "Ilu, jibi za mu je mu canja ajiya."

Na ce, "Haba Baba, wa zai sha? Tsuntsaye?"

Ya dube ni, ya ce, "Tayyib." Bai sake ɗaga maganar ba. Shekara huɗu muna gaisawa safe da yamma, ƙafarsa na ƙara lalacewa, rawaninsa na ƙara tsufa. Na ɗauka maganar tsibiri ta mutu.

Da hanya ta buɗe, alhazai suka dawo, Baba ba ya iya hawa mota zuwa Jidda. Ya kira ni ɗakinsa ya ce Salim na nan, in je in tayar da sana'ar. Ya ce, "Ka tuna igiya, ka tuna ajiya." Na ce to. Wannan ce fitata ta farko ni kaɗai, kuma na san in ta ɓaci ba wanda zai sake ba ɗan Jarwal amanar iyalinsa a kan ruwa.

Mutum goma sha ɗaya na samu, kusan duk ayarin wani attajirin goro ne, Alhaji Bawa, dattijo mai kwarjini wanda in ya yi gyaran murya kowa ke nutsuwa. Cikinsu akwai 'yarsa Rabi da goyonta, yarinya 'yar wata bakwai da aka haifa a hanya, suna ce mata Ta-Sawakin. Alhaji ya zo da darduma biyu, da katuwar tukunya, da rago. Salim ya dubi jirgi ya ce nauyi ya yi yawa, a rage. Na dubi ragon, na dubi Alhaji, na kasa. Sai na sauke garwannin ajiya biyu na bar su a Jidda. Da na zo karɓar butoci, kowa ya miƙo, na iso kan Alhaji. Ya riƙe tasa, ta tagulla, ya ce, "Yaro, butar nan tun daga Gwanja ba ta bar hannuna ba." Sa'an ubana ne. Kunya ta kama ni, na ce ba komai, Alhaji.

Safiyar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Salim ya sauke mu, ya bar mana huri, ya fita kamun kifi bayan duwatsu a kan zai dawo da la'asar, kamar yadda aka saba. Na ɗaga wani dutse a bakin ruwa na ciro wuri mai rai na ɗora wa Alhaji a hannu. Abin ya fito da namansa ya fara jan jiki. Dattijon nan ya tsuguna kamar ƙaramin yaro, yana cewa, "Ashe dabba ce. Mahaifina ya ƙare ransa yana tara bayan dabba." Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

Gab da azahar na ɗauki mata biyu a huri na kai su leƙen madubi. Ina can, Alhaji ya ga rana ta karkata, ya kwance bakin salka ya cika butarsa. Da sauran suka ga babba ya yi, kowa ya tsinko tasa daga igiya. Aka yi alwala a wadace. Waɗanda suka yi wanka a teku suka ɗauraye gishirin jikinsu, aka wanke ƙafafu, aka wanke tukunya. Da na dawo, salka biyu sun kwanta shafal, ta ukun ba ta kai rabi ba. Na ce a raina la'asar ai kusa take.

La'asar ba ta zo da Salim ba, da azyab ta zo. Iskar kudu ce, mai zafi, mai ƙura, in ta taso teku sai ya yi fari. Ƙofar shiga tsibirin ƙarama ce tsakanin duwatsu, ba nakudan da zai kusance ta a irin wannan iska sai wanda ya gaji da jirginsa. Na san Salim ya gudu gaɓa ya fake, kuma daidai ya yi. Na kuma san azyab takan yi kwana biyu, takan yi uku.

Na ɗauki salkar na rataya a wuyana, na ce daga yanzu finjalin shayi ɗaya ne rabon kowa, Rabi biyu saboda goyo. Sannan na zame na nufi wurin ajiya. Kurmin da nake gane wurin da shi babu shi, yashi ya cinye. Abin da na tuna kawai shi ne Baba yakan jingina da dutsen, ya fuskanci alƙibla, ya ƙirga taku arba'in. Na ƙirga arba'in na tona har magariba, ban samu komai ba sai yashi. Ban gaya wa kowa abin da nake nema ba, domin ni kaina ban san ko akwai ba. Rabona da kwalaben shekara huɗu. Ko sun fashe, ko masunta sun yi gaba da su, Allah kaɗai ya sani.

Da asuba Alhaji ya miƙo mini butarsa. Ya ce, "Ɗan zuba mini, ko rabi ne."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Alhaji, ba zan zuba ba."

Wani daga cikin mutanensa ya ce, "Kai, ka san da wa kake magana?"

Na ce, "Na sani. Kunyarsa na ji jiya, ga inda ta kai mu. Laifina ne, ba nasa ba. Alhaji, abin da ya rage a salkar nan bai fi cikin butarka biyu ba, kuma nonon Rabi da shi yake zuwa. Ga teku can, ruwa ne mai tsarki, a Harami na ji da kunnena. In alwalarka ba ta yi ba, ranar lahira ka kama ni."

Ya dube ni. Sannan ya waiwaya ya dubi 'yarsa da jikarsa. Ya sa takalmi, ya taka zuwa bakin ruwa, ya cika butar tagullar nan, ya yi alwala. Da ya kurkure baki ya yamutsa fuska, amma ya ƙarasa. Kowa ya bi bayansa.

Da rana ta ɗaga abin ya yi tsanani. Iska kamar daga bakin murhu. Na raba finjali na ƙarshe da hantsi, Alhaji ya miƙa wa Rabi nasa. Yarinyar da ta kwana tana tsala kuka yanzu sai ɗan ƙugi take, leɓenta ya bushe. Rabi ta ce mini a hankali, "Malam, tana kama nono tana saki, babu komai a ciki." Wannan magana har yau ina jin ta. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Na koma na sake tono, na faɗaɗa ramin jiya. Ina ciki sai ga inuwa a kaina, Alhaji ne da murfin tukunya a hannu. Ya ce, "Me muke nema?" Na gaya masa gaskiya, har da maganar da na yaɓa wa Baba a bakin mashaya. Ya tuɓe rigarsa ya shiga ramin. Muna tono yana tambaya, "Shi maigidan naka dogo ne kamarka?" Na ce a'a, gajere ne, ga ɗingishi. Ya dakata ya ce, "To kai da takun wa ka ƙirga?"

Na fito daga ramin a guje. Na jingina da dutse, na fuskanci alƙibla, na karya ƙafar hagu, na fara tafiya irin ta Baba, ina ja ina dogarawa, ina ƙirgawa da ƙarfi. Mutanen rumfa suka zaci rana ta taɓa mini kai, na ji wata tana salati. Arba'in ɗin Baba ta tsaya nesa da ramina, ko kusa ban je ba. Muka durƙusa mu biyu. Ba mu yi kamu biyu ba murfin tukunyar ya daki kaba.

Kwalabe biyu, cike, kakin bakinsu ko tsagewa bai yi ba. A wuyan ta farkon an ɗaure ƙyallaye huɗu a jere, masu ruwan ɗorawa. Na farko ya koɗe har ya yi fari, na ƙarshe kamar jiya aka yage shi. Rawanin Baba ne. Ashe ba tsufa kawai rawanin yake ba, gajarta yake yi. Duk shekarun nan da nake yawon ga-ruwa ina cewa sana'a ta mutu, tsohon nan yana bin jirgin masunta da gurguwar ƙafarsa, shi kaɗai, yana jan garwa biyu a yashi. Kunya ta rufe ni, na kasa ɗaga kai.

Ban bari an yi wawa ba. Rabi aka fara ba, kaɗan-kaɗan, na jiƙa tsumma ana ɗiga wa yarinyar. Sauran finjali-finjali. Kafin la'asar Ta-Sawakin ta kama nono ta riƙe, ta kuma tsala kukan da duk muka yi wa hamdala. Ruwan nan ya kai mu har safiya ta uku, iska ta kwanta, sai ga Salim ya shigo yana ɗaga hannu yana kiran sunana. Mutum goma sha ɗaya da goyo na kai, su na dawo da su, kowa da ƙafarsa. Ragon ma ya dawo, don ba wanda ya yi marmarin nama. A bakin jirgi Alhaji ya zura butarsa a igiyata da hannunsa, kuma kafin ya bar Jidda ya turo mini ayari uku.

Na hau mota na zo Makka, ban biya gida ba na wuce ɗakin Baba. Na zayyana masa komai, ban rage laifina ko ɗaya ba. Yana kwance yana jan carbi. Da na gama ya ce, "Yarinyar fa?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba."

Na zauna ina jiran ya ce tayyib, ko ya tuna mini maganar tsuntsaye. Sai ya ce, "Ka mayar?"

Na ce, "Me, Baba?"

"Ruwan. Kun sha. Ka mayar?"

Ko shayin da aka kawo ban sha ba. A ranar na koma Jidda, washegari ina tsibiri da garwa biyu. Da na dawo ya warware abin da ya rage na rawanin ya miƙo mini, shi ne duk yabon da na taɓa samu a wurinsa, kuma ya ishe ni.

Shekara goma sha uku na riƙe sana'ar bayan wannan. Ban taɓa rasa mutum ba, ban sake jin kunyar butar kowa ba, ko ta waye. Sannan jiragen sama suka fara sauka, jira ya ragu, alhaji ya gama yau jibi yana gida. Baba ya riga mu gidan gaskiya. Baƙi suka ƙare, na kama wani aikin a nan Makka. Amma shekarar da na rufe, sai da na nemi Salim, shi ma ya tsufa, na ce ya kai ni sau ɗaya. Ba kowa a jirgin sai ni da shi da garwa biyu, da ƙyallen ƙarshe na rawanin a aljihuna.

Ina toshe bakin kwalba Salim ya ce, "Ya Ilyas, ba mai zuwa kuma. Wa zai sha?"

Na ce, "Ban sani ba. Shi ma Baba bai sani ba."

Na ɗaura ƙyallen, na mayar da yashi. In wata rana ruwa ya jefa ɗayanku can, ku jingina da dutse, ku fuskanci alƙibla, taku arba'in. Amma da ɗingishi, Hisham, kada ka yi irin takun kakanka.